Barcin Kofur

A layinsu babu wanda ya damu da sunansa na yanka. Kofur ake ce masa, tun daga mai shagon kusurwa har yaran da ke buga ƙwallo a bakin titi, kuma ko da ya ajiye kaki sunan bai sake shi ba. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji da guntun wuya, in zai yi dariya kafaɗunsa ne ke fara rawa kafin a ji sautin. Matarsa tela ce, tana da ɗan shago a jikin gidan da suke haya, da keken ɗinki biyu da wani madubi mai tsaga a gefe. Shi ba ya kiranta da komai sai Kwamanda. Ya ce duk yawon da ya yi a soja bai ga mai ba da oda kamarta ba, don ko gishiri ta ce a miƙo mata sai mutum ya ji kamar ya ƙame.

Yana saurayi ya shiga soja, ba don son bindiga ba, sai don ya ga wani ɗan unguwarsu ya dawo hutu da takalmi mai ƙyalli 'yan mata na ta kallonsa. Direba aka sa shi, yana jan babbar mota mai kai abinci da ruwa da harsashi inda ake gwabzawa. A kan wannan aiki matar tasa ta aure shi, ta haifa masa 'ya'ya uku, ta yi rabin zaman aurenta kunnenta na jikin rediyo. A lokacin barci ba ya yi masa wuya. In ya zo hutu, kafin ta gama tambayarsa hanya ya yi nisa, munsharinsa kamar an tayar da janareta. Takan ce masa ko ɓarayi sun ɗauke shi da katifar ba zai sani ba sai sun sauke shi a kasuwa.

Tafiyarsa ta ƙarshe ce ta canja shi. Bai taɓa ba ta labarin ba. Ɗan abin da ta sani a bakin matar wani soja ta ji shi: ranar shi ya kamata ya ja motar gaba a ayari, sai tayarsa ta yi faci, amininsa ya ce bari ya wuce. Ba su yi nisa ba motar aminin ta taka nakiya a kan idonsa. Bayan nan bai daɗe ba ya nemi sallama, ya dawo gida da akwatin ƙarfe da ƙafafunsa biyu da hannayensa biyu, kowa na ta yi musu barka da arziki.

Ya sami aiki a wani wurin yanka katako da ke bayan tashar mota, kuma aikin ya karɓe shi. Ya ce ƙarar zarton inji tana da daɗi, tana hana mutum jin abin da ke cikin kansa. Barci ne ya ƙaurace masa. Zai kwanta ya yi ta juyi, ya tashi ya taɓa sakata, ya duba tagogi, ya leƙa ɗakin yara, ya dawo ya sake kwanciya, sannan ya tuna bai tabbatar da sakatar ba. In ya samu ya runtsa, mafarki ya watso shi waje jiƙe da gumi. Gari na wayewa ya fita aiki da idanu jajur, har wasu a layin suka fara raɗe-raɗin ko Kofur ya koyi shaye-shaye a bariki.

Ta sha yi masa maganar asibiti.

"Asibiti na marasa lafiya ne," in ji shi. "Ni in je in ce wa likita me? In ce ƙato da ni na kasa barci kamar jariri mai fitar haƙori?"

Abin da bai faɗa ba, ita kuma ta gane, shi ne tsoron kada a ce masa taɓin hankali ne, a ji a layi, a ji a wurin aiki.

Haka suka yi ta lallaɓawa har ranar da ta ji yana nishi cikin barci kamar ana danne shi, ta kai hannu ta taɓa kafaɗarsa. Kafin ta san abin da ake ciki hannayensa biyu suna wuyanta. Da ƙyar ta iya kiransa. Da ya farka ya ga abin da yake yi, ya sake ta ya ja da baya har ya buge bango. Washegari da gyale naɗe a wuya ta yi ɗinki, ga zafi, masu kawo ɗinki na tambayarta ko mura ce. Shi kuma ya kwashe filonsa ya koma kujerar falo. Da yamma, yana kallon ƙasa, ya ce, "Kwamanda, daga yau ki riƙa sa sakatar ɗaki ta ciki."

Wannan maganar ta fi shaƙar yi mata ciwo.

Ba da niyyar komai ta shiga kemis ɗin bakin layi ba, maganin zazzaɓi ta je saya wa Auta, ƙaramar 'yarsu. Mai kemis ɗin ya dubi fuskarta ya ce kamar ba ta samun barci. Ta ce haka ne, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ya ɗauko wasu 'yan ƙwayoyi farare ya ce rabi kawai za ta sha, in ta kwanta sai an tashe ta. Ta karɓa ta jefa a jaka. Tana tafe tana tunanin Kofur zaune a kujera ido buɗe, shi da ko maganin ciwon kai sai an yi rigima yake haɗiya.

Da yamma ta murƙushe rabin ƙwaya tsakanin cokali biyu, ta zuba a shayinsa, ta cika madara da sukari. Ya sha, ya yi barci a kujerar har rana ta shigo falo. Da ya tashi ya yi miƙa, ya dube ta yana murmushin da ta daɗe ba ta gani ba.

"Kwamanda, ashe baƙon nan bai manta hanyar gidanmu ba."

Ranar har waƙa ta yi a kan keke. Ta ce a ranta mako guda kawai za ta yi, jikinsa ya tuna yadda ake barci, sai ta bari. Mako ya wuce. Rabi ya daina yi, ta koma ɗaya, ɗaya ta zama biyu, watanni suka yi ta tafiya.

Ba za ta ce ba ta ga alamu ba. Munsharinsa ya canja: sai ya ja, ya ja, ya yi tsit kamar an ɗauke wuta, sannan ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe kansa nauyi. Ya fara barin makulli a jikin ƙofa, mutumin da ke duba sakata sau ba adadi. Ya kira Auta da sunan yayarta. Wata safiya yana ɗaura takalmi ya ce, "Da can in mafarkin ya zo ina farkawa in tsere masa. Yanzu kamar an ɗaure ni, sai na kalla har ƙarshe."

Da ta ji haka, ranar ba ta zuba komai ba. Abin da ta gani ya fi na da muni: rawar hannu, gumi, safa da marwa har gari ya waye, ya daka wa Auta tsawa a kan ta yar da cokali. Kashegari ta sake ɗauko cokulanta. Ta kasa ci gaba da kwanciyar rai, ta kasa bari, kuma ta kasa faɗa wa kowa.

Wata rana da hantsi tana yanka yadi sai ga wani abokin aikinsa a ƙofar shago, garin katako a gashinsa, jini a gaban rigarsa. Ya ce ta zo, suna asibiti. Kofur ya yi gyangyaɗi a tsaye yana tura katako, zarto ya cire masa yatsu biyu na hannun hagu.

Ta same shi kwance, hannun naɗe da bandeji kamar na ɗan dambe. Yana ganinta ya ce, "Ki yafe ni, Kwamanda. Sakacina ne."

Ba ta kai ga amsawa ba mai wurin katakon ya shigo, wanda suke kira Oga. Mutum ne mai kirki amma ba ya tauna magana. Bayan ya yi jaje ya ce, "Kofur, tsakaninka da Allah, me kake sha? Na daɗe ina ganinka kana layi. Yara sun ce ƙwaya ce, na ce ba halinka ba ne."

Kofur ya yunƙura ya zauna. Ya ɗaga hannun mai lafiya ya rantse cewa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kai abin maye bakinsa ba, in kuwa ƙarya yake yi kada Allah ya tashe shi daga gadon nan. Oga ya ce to, to, Allah ya sawwaƙe, amma a fuskarsa an ga bai yarda ba. Tana tsaye a gefen gadon, jakarta a hammata, sauran ƙwayoyin na ciki.

Kwana biyu a asibiti babu shayin gida, jikinsa ya rikice. Hannu na kakkarwa, zuciya na bugu, yana cewa bango na motsi. Nas ɗin ɗakin kuma ta lura da yadda numfashinsa ke ɗaukewa duk lokacin da ya ɗan runtsa. Aka kira wata likita daga sashen da ke duba tsofaffin sojoji, dattijuwa mai furfura a goshi da tabarau rataye a wuya. Ta ja kujera ta zauna kamar ba ta da wani aiki. Ta tambaye shi yaushe barcin ya fara gagara, me ke tashinsa, yaya yake ji da rana, ko yana munshari, ko akwai abin da yake gani idan ya rufe ido. Ga mamakin matarsa, ya amsa, a gajarce dai, amma ya amsa.

"Wane magani kake sha?"

"Ko ɗaya, likita."

Likitar ta dube shi, ta dubi hannunsa da ke rawa a kan bargo, sannan ta ce wa matar ta ɗan raka ta waje. A barandar, kusa da inda ake jera kujerun guragu, ta ce, "Na yarda da shi. Amma jikinsa yana neman wani abu da ya saba da shi. In ban san mene ne ba lalube nake yi, kuma yana iya faɗuwa ya yi ta jijjiga a hannunmu. Ke kike tare da shi. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Ta buɗe jaka ta miƙa mata. Daga nan maganar ta zubo, har da ta gyalen wuya.

Likitar ba ta yi mata faɗa ba, ita kuwa faɗan ta so. Ta bayyana mata cewa irin wannan ƙwaya ba a daɗewa a kanta, kuma ba a yanke ta rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Ga mutumin da numfashinsa ke tsayawa cikin barci kuwa, tana ƙara danne shi ne, ya kwana yana kokawa da iska, ya tashi da gajiyar da ta fi ta wanda bai kwanta ba.

"Ke za ki faɗa masa ko ni? Dole ya sani. Jikinsa ne, kuma ni ba zan ba shi magani a ɓoye ba."

Ita ta faɗa masa. Ta zauna a bakin gadon ta fara daga kemis ta kai har ranar zarto, ba ta rage komai ba. Ya saurara yana kallon fanka. Ta jira ya yi ihu, ko ya zage ta. Da ya buɗe baki a hankali ya yi magana.

"Ranar da na rantse wa Oga, kina tsaye."

"Ina tsaye."

Ya juya fuskarsa bango. "Je ki gida. Auta na jira."

Magani ya ɗauki lokaci. Da farko aka riƙa rage masa ƙwayar kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin idon likita. Sannan aka kwantar da shi a wani ɗaki, aka liƙa masa wayoyi a ka da ƙirji da yatsa, na'ura ta bi barcinsa har safe. Likitar ta ce abu uku ne suka sarƙe: maƙogwaronsa na rufewa in ya yi barci, mafarkin yaƙi na tashinsa, sannan shekarun juyi sun sa da ya ga gado sai jikinsa ya ɗauka an tura shi gadi. Kowanne da nasa maganin.

Aka ba shi wata 'yar na'ura mai tiyo da abin rufe hanci, tana hura masa iska. Karon farko ya fizge ta ya yar, ya ce kamar ana toshe masa fuska. Likita ta ce ya riƙa sa ta da rana yana jin rediyo har ya saba. Ta kafa masa dokoki: lokacin tashi ɗaya ne, ko ya yi barci ko bai yi ba, babu gyangyaɗin rana, babu shayi daga la'asar, kujerar falo ta zama ta zama kawai, kada ya hau gado sai barci ya kama shi sosai, in kuma barcin ya gudu ya sauka ya yi wani abu mara hayaniya har ya dawo. Kofur ya ce bayan tsufa an mayar da shi kurtu. Amma soja ne, an ba shi oda, ya bi.

Sau ɗaya a mako yakan je wata rumfa a bayan asibitin, inda tsofaffin sojoji ke zama da wani ma'aikacin lafiya. Can aka koya masa ya ɗauki mafarkin da rana tsaka, ya ba da labarinsa, ya canja masa ƙarshe, ya yi ta maimaita sabon a ransa. Ya raina abin da farko, ya ce wasan yara ne. Daga baya matarsa ta lura ranar zuwa rumfa tun da wuri yake goge takalmi.

A gida bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai ruwan sha da kansa yake ɗiba, shayin safe da kansa yake haɗawa. In ta miƙo masa kofi ya ce, "Ajiye, na gode," kofin ya huce a wurin. Babban ɗansu, da ya ji abin da ya faru, ya zo yana huci zai yi wa uwar magana. Kofur ya ce, "Ba a gabana ba, kuma ba a bayana ba. Uwarka ce." Ta ji daga kicin, ta toshe baki da zane. Da ya bar yaron ya zazzage mata, da ta fi samun sauƙi.

A layi kuma maganar ta riga ta zauna cewa ƙwaya ce ta ci yatsun Kofur. Wata mai kawo ɗinki har ta yi mata jaje a kai, ta ce haƙuri za ta yi, haka sojoji suke. Ranar ta rufe shago ta nufi bayan tasha. Ta sami Oga a tsakiyar fili yana duba wasu katakai, ma'aikata kewaye da shi. Ta ce a kashe injin tana da magana. A gaban kowa ta ce mijinta bai yi rantsuwar ƙarya ba, ita ce ta riƙa zuba masa magani bai sani ba, garin neman gira ta jawo aka rasa ido. Oga ya cire hula ya sosa kai, ya ce in hannun ya warke Kofur ya dawo, akwai aikin awo da tsara kaya a fili, nesa da zarto.

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da shi tsaye a tsakar gida.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Kin tona wa kanki asiri a gaban yaran da ba su kai ɗanki ba."

"Sunanka na ɓata. Shi kaɗai ne abin da zan iya mayar maka."

Sannan ya zauna a kan benci ya ce, "Ni ma ai na shaƙe ki. Da kin mutu fa?"

"Kai barci kake yi, Baban yara. Ni idona biyu."

Bai ce mata ba haka ba ne. Ya matsa dai ya bar mata wuri a bencin, suka zauna har Auta ta dawo daga makaranta.

Yanzu Kofur yana barci. Ba irin na da ba, wanda za a sace shi da katifa, amma yana yi, a kan gado, na'urarsa na huci a gefe. Akwai ranakun da mafarkin ke dawowa, sai dai ya san abin da zai yi, kuma ta san ba a taɓa shi, daga nesa ake kiran sunansa. Ya koma kiranta Kwamanda, ko da yake ba kullum ba. Ya zama mai jan tsofaffin abokan aikinsa na soja zuwa rumfa, yana ce musu in shi da taurin kansa ya je, ba wanda ya fi ƙarfin zuwa. Bai taɓa ce mata ya yafe ba, ita ma ba ta da bakin tambaya.

Da ya koma aiki, wata yamma ya shigo shago ya ajiye safar hannu ta aiki a kan kekenta. Ya ce ta ɗinke masa yatsu biyun nan na hagu, suna reto suna kama katako. Ya faɗa ne kamar mai kawo wando a rage masa tsawo, ya fita. Ta yanke su, ta ɗinke, ta ga bai yi ba ta warware, ta sake. Aikin da bai kai na maɓalli ba ya cinye mata yamma.

Ita ce yanzu barcin ke yi wa wuya. Takan kwanta tana sauraren na'urar, tana jiran ta ji ko numfashinsa zai tsaya. Ranar da ta raka shi ganin likita, dattijuwar ta gama da shi, ta sauke tabarau ta dubi matar.

"Ke kuma yaushe rabonki da barci?"

Ta ce lafiyarta ƙalau, aiki ne ya yi yawa. Kofur, yana kokawar ɓalla maɓallin riga da yatsu uku, ya ce, "Ƙarya take yi, likita. Ki duba ta."

Aka ba ta ranar dawowa. Da ranar ta zo ta yi ta neman dalilin fasawa, ga ɗinkin mutane, ga girki. Shi ya rufe mata shagon, ya tare musu mota.